Sandunan da Suke Karyewa

Mijina makaɗi ne, kuma duk wanda ya san shi Guduma yake ce masa. Ba ni na sa masa sunan ba, da abinsa na same shi, amma da ba a riga ni ba ni ma shi zan sa masa. Irin gangunan nan na haɗi yake kaɗawa, waɗanda ake zama a tsakiyarsu a kan 'yar kujera: babba a ƙasa ana taka ta da ƙafa, ƙanana a gaba, faya-fayan tagulla hagu da dama. In ya ɗaga sanda ya sauke, har a haƙoranka za ka ji. A filin taro da manyan zauruka wannan abin yabo ne, mutane har ihu suke yi masa, shi kuma yana ƙara hura hanci.

Ana nan sai Allah ya kawo wa ƙungiyarsu aiki na dindindin. Wani gidan abinci aka buɗe a bakin babban titi, tafiyar ƙafa daga gidanmu, matar da take da wurin tana son a riƙa yi wa baƙinta kiɗa da yamma duk ƙarshen mako. Ni na fi kowa murna. Na gaji da ganin mijina a bayan mota shi da ganguna, ana tafiya garuruwan da ban ko san sunansu ba, ya dawo da ciwon baya da jajayen idanu, yara suna tambayata yaushe Baba zai zauna a gida.

Ranar farko na ci ado na bi su. Tun daga ƙofa na hango matsala. Ɗakin ƙarami ne, ƙasa tayil, bango ɗaya gilashi ne daga sama har ƙasa, silin kuwa dogon mutum zai taɓa shi da hannu. Mai fiyano, wanda shi ne shugabansu, ya fara a hankali, mai jita ya bi shi, mawaƙiya ta buɗe baki, sannan nawa ya shigo. Cokulan da ke kan farantai suka fara rawa. Yarinyar da ke karɓar odar abinci sai da ta kai kunnenta bakin mutane. Wani dattijo ya ɗauki farantinsa ya fita waje ya ƙarasa a tsaye. Duk ɗakin aka juyo ana kallon mijina, shi kuwa sai murmushi yake rabawa, a zatonsa burge su ya yi.

Washegari mai fiyano ya zo gida. Mutum ne mai kunya, sai da ya gaishe mu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yabi labulena, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Mai gidan abincin ta ce tana son kiɗansu, amma in gangar ba za ta sassauta ba, kada a sake shigo mata da ita. Ya ƙara da cewa, ba wai yana so ba ne, amma fiyanonsa akwai ganga a cikinta, maɓalli ɗaya ake dannawa, a rage a ƙara yadda ake so.

"Wato maɓalli ne zai zauna a kujerata," in ji mijina.

"Ban ce haka ba, Guduma. Na ce ka rage hannu kafin ƙarshen makon nan. Ba ni kaɗai ba ne, akwai iyalin sauran a wuyana."

Da ya tafi, mijina ya ce matsalar ba hannunsa ba ce, sanda ce. Na yi shiru, don na san namiji ya fi saurin yarda laifin katako ne.

Abin da ya fara yi shi ne ya yaga zanina. Ya ce ya ɗauka tsoho ne. Zanin da ko wata uku bai yi a jikina ba. Ya naɗe kawunan sandunan da ƙyallen, ya ɗaure da robar cikin tayar keke, har suka zama kamar yatsan da aka yi wa bandeji. Ya zauna ya gwada a falo. Ƙarar faya-fayan ta ɗan lafa, wannan gaskiya ne, amma ganga sai ta koma wani irin dum-dum mai shiga ciki, tagogi suna amsawa. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani tsohon ma'aikaci da ba ya son ko tarin mutum, ya fara dukan silin ɗinsa da sandar mofa. Na ce wa mijina ga shi nan ya samu abokin kiɗa.

Daga nan muka tafi wurin Yayana, kafinta ne, shagonsa na bayan tashar mota. Yaya ya karɓi sandunan da aka naɗe, ya jijjiga su a hannu, ya yi dariya har da tari. Ya ce ai nauyi aka ƙara musu, kuma duk nauyin da ke jikin sanda a fatar ganga yake sauka. Ya nuna mana jan katako mai tauri irin na sandunan mijina, ya nuna mana wani fari wanda in ka ɗaga sai ka ji kamar ba ka riƙe komai ba. Ya ɗora farin a inji ya murza masa sirara guda biyu masu ƙananan kawuna, ya goge su da samfefa har suka yi santsi. Mijina ya riƙe su yana yatsina fuska, ya ce waɗannan ai na juya shayi ne. Kafin magariba ya karya duka biyun.

Kashegari na nemi tsintsiyata na rasa, sai guntunta na tarar a bayan ƙofa, ashe mijina ne ya yanke ta ya yi sandar kiɗa da ita. Wannan karon ban yi shiru ba, kuma na tabbata maƙwabcin ƙasa ya ji komai. Amma dabarar ba ta banza ba ce. Wani abokin sana'arsa ne ya ce masa in aka haɗa sirara da yawa aka ɗaure, dukan yana rarrabuwa a tsakaninsu, ba ya sauka wuri guda. Tsintsiyar ta yi laushi da yawa, tana taɓa ganga take zubewa. Sai ya je shagon kayan kicin ya sayo dogayen tsinkayen gora, irin waɗanda ake soka nama. Ya yanke tsininsu, ya haɗa damin da ya kai kaurin babban yatsa, ya naɗe wajen riƙo da salatef, ya sa zoben roba kusa da kai. In ya tura zoben baya tsinkayen su buɗe, in ya matso da shi gaba su haɗe.

Ina kicin ina soya albasa na ji ya fara. Na rage wuta na tsaya. Wani sauti ne cas-cas mai laushi, kamar ana sheƙar shinkafa a faifai, amma kowane duka a wurinsa, ba wanda ya hau kan wani. Tun da na aure shi ban taɓa sanin hannunsa yana da wannan daɗin ba, don kullum ƙara ce take rufe shi. Har na fara kaɗa kai. Sai na ji abin yana hawa, yana hawa, ya koma ɓas-ɓas, sannan na ji ƙas. Na leƙo na tarar da shi zaune cikin guntayen gora.

Ya ce waɗannan ma ba su da amfani, ba su da murya, kamar mutum yana dukan katifa. Na ce ni daga kicin nake jin su tsaf, har da ƙarar mai a kasko. Ya ce lallashinsa nake yi. Na tambaye shi yaushe na taɓa lallashinsa a kan kiɗa, ni da nake toshe kunne da auduga in ya fara. Muka ɗan taɓa cacar baki, ya juya mini baya ya hau ɗaure wani damin.

Na tsaya a bakin ƙofa, ta wajen damansa, ina hucin fushi. Ya fara kaɗawa a hankali kamar ɗazu. Sai na lura da yadda yake zaune: ya karkatar da kai, kunnensa na hagu ya kusa taɓa fatar ganga, yana neman sautin kamar mai neman allura a tabarma. Na ce masa abinci ya nuna. Bai juyo ba. Na sake faɗa, da muryar da nake magana da kowa. Bai juyo ba. Sai na ce gobe zan kira dillali ya kwashe gangunan nan duka. Mutumin da ko ƙura aka share musu ba da izininsa ba sai ya yi magana, ya ci gaba da kiɗansa.

Nan take na tuna talabijin da kullum sai na rage bayan ya ƙure, da wayarsa da ba ya taɓa sawa a kunnen dama, da "iye?" ɗin nan nasa da yake ba ni haushi. Tsoro ya kama ni, da tausayinsa, har fushin ya bi iska. Na zagayo ta hagu na dafa kafaɗarsa.

"Baban yara, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ajiye damin a kan cinyarsa, ya ce an daɗe. Da farko wani kuka ne yake ji bayan sun tashi daga wasa, kamar gyare ya shiga kunnensa, in ya kwana ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Ya ce ba ƙarfi yake nunawa ba in yana duka, so yake ya ji kansa. Bai faɗa wa kowa ba, don wa zai ɗauki makaɗin da ba ya ji?

Na ja shi asibiti, yana tirjewa kamar yaro. Likitar kunne ta sa shi a wani ɗan ɗaki mai gilashi, ta ɗora masa abin saurare a kai, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina tsaye a bayanta ina ganin tana danna na'urarta, shi kuma yana zaune a ciki, ya tattara hankalinsa duka, yana jiran ƙarar da ta riga ta wuce. Sai da na kawar da kai. Bayan an gama ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye: na dama ya tafi da yawa kuma ba zai dawo ba, na hagu akwai saura mai kyau, kuma zai iya riƙe shi har tsufa in ya daina zama cikin irin ƙarar da ya saba. Ta ce daga baya a duba maganar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Da ta ji inda yake neman aiki, ta ce ai ko ita aka tambaya, ƙaramin ɗaki da kiɗa mai sanyi za ta zaɓar masa.

Sai da muka kusa gida ya ce a bar wa maɓallin kujerar kawai, shi zai nemi wani abin yi. Na ce ya nemi me, shi da ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba duk da sunan da ake kiransa? Na ce na ji da kunnena abin da hannunsa ya yi da goran nan kafin ya lalata, kuma ban yarda in ji shi sau ɗaya tak a rayuwata ba. Ya kalle ni ta gefen ido. Ina jin a ransa yana cewa da kunnen da ke wajena ne ya mutu da ya huta.

Muka koma wurin Yaya, muka faɗa masa komai. Yaya ya kashe inji, ya share dusar katako daga benci ya ce mu zauna. Ya shiga ciki ya fito da wasu siraran sandunan roba farare, ragowar wani aiki, ya ce waɗannan su ne maganin abin. Kaurinsu ɗaya da goran, amma ko mota ta taka su ba za su karye ba. Ya ɗaura dami guda nan take. Mijina ya buga shi a kan benci a hankali, ya buga da ƙarfi, ya sake bugawa da dukan ƙarfinsa. Robar ta lanƙwashe ta dawo lafiya lau. Ni har na fara yi wa Yaya godiya.

Sai mijina ya miƙa masa abinsa.

"Yaya, na gode, amma bar ni da goran."

Yaya ya ce goran da kake karyawa kamar ƙirare?

"Shi ya sa. Wannan ko na kashe mutane da ƙara ba za ta ce mini komai ba. Gora in na wuce iyaka sai ta faɗa mini."

Yaya ya jawo ledar tsinkayen da muka zo da ita ya fara zaɓa. Ya ware masu gaɓa a tsakiya ya zubar, ya ce nan suke fara tsagewa ko ba a yi musu laifi ba. Ya daidaita tsawonsu, ya goge bakunansu don kada su huda fata.

Kwanakin da suka rage, falonmu ya koma makaranta, ni ce malama, abin da ban taɓa mafarki ba. Ina zama a gabansa a kan kujerar roba, in ya yi daidai in bar tafin hannuna a buɗe, in ya fara hawa in dunƙule. Da farko hannuna a dunƙule ya wuni, ina sharar guntayen gora da sabuwar tsintsiyar da na sa ya saya. Yakan yi fushi ya ce ba ya jin komai, kamar yana kiɗa a cikin ruwa. Ni kuma in ce ba shi aka ce ya ji ba, masu cin abinci aka ce. Sannu a hankali ya gano wani abu da ni ba zan iya gani ba. Ya ce in dukan ya yi daidai, tsinkayen suna wata 'yar karkarwa a tafinsa bayan sun taɓa fata; in ya yi yawa sai su ƙame su mare shi a yatsu. Ya daina ɗaga hannu daga kafaɗa, ya koma wuyan hannu kawai. Ya cusa tsohon bargo a cikin babbar gangar, ya ɗora ɗan ƙyalle a kan ƙaramar, wannan karon da izinina. Maƙwabcin ƙasa ya tare ni a matakala ya tambaya ko mun sayar da kayan ne.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ba shi tsoro: faɗa wa mai fiyano. Na ce ya bari sai an ga yadda wasan ya kasance. Ya ce a'a, ya gaji da ɓoyo. Ranar wasan muka je da wuri, ana goge tebura, ya ja mai fiyano gefe kusa da firjin lemo. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga yana nuna kunnensa. Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan. Sai na ga ya je ya cire wayoyin fiyanonsa, ya kira mai jita ya kama masa, suka ɗauke ta daga dama suka dawo da ita hagun ganguna, inda mijina zai ji shi kuma ya ga yatsunsa. Sannan ya tambayi mijina ko nan ya yi.

Mutane suka fara cika. Na zauna a teburin ƙarshe kusa da ƙofar kicin, inda zai hango hannuna. Na sayi lemo na kasa sha. Aka fara, mijina ya shigo, na buɗe tafina a kan tebur ina jira ya duba. Bai duba ba. Idonsa na kan yatsun mai fiyano, kafaɗunsa a sake, damin goran yana tashi kaɗan yana sauka. Na ji muryar mawaƙiya har da numfashinta, abin da ban taɓa ji ba duk shekarun nan. A teburin gabana wasu mata biyu suna hirarsu ba tare da ɗaga murya ba, ɗaya tana bin kiɗan da cokali a gefen kofi ba ta ma sani ba. A waƙa ta uku, wajen da abin ya yi zafi, na ga kafaɗarsa ta fara ɗagawa, na dunƙule hannu har farcena ya shige nama. Tsinke ɗaya ya ɓalle ya faɗi kusa da ƙafarsa. Ya dube shi, ya sauke kafaɗar.

Da aka tashi, mai gidan abincin ta fito tana goge hannu da tawul. Ba mace ce mai yawan yabo ba. Ta ce wa mai fiyano sati mai zuwa su zo da wuri, sannan ta nuna wani lungu a bayan kanta ta ce mai ganga ya riƙa barin kayansa a nan, ba sai yana jigila ba. Mijina bai ji ba, don ta damansa ta tsaya. Mai fiyano ne ya maimaita masa.

Muka fito da sauran hasken rana, hannunsa ba komai sai damin gora biyu a aljihun riga. Ina ta zuba, ina ba shi labarin matar cokali, shi kuwa shiru. Na ɗauka gajiya ce. Sai da muka tsallaka titi ya tsaya, ya kama hannuna ya zagayo da ni ta hagunsa.

"Ni rabinsa kawai na ji," ya ce. "Ya kiɗan ya kasance?"

Hawaye suka cika mini ido, na farin ciki da na baƙin ciki a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba. Na ce ya yi daɗi. Ya ce ba wannan yake tambaya ba, in faɗa masa dalla-dalla, daga waƙar farko, yadda ya shigo da yadda ya fita.

Na matso kusa da kunnensa na fara. Muka rage tafiya, don gidan ya yi kusa kuma waƙoƙin da yawa.